Maki Talatin Da Na Ba Meshu Pati

Ranar Talata, ashirin da shida ga watan Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ippazio Licchelli, wanda ƙauyukanmu na ƙasan Salento suka fi sani da Meshu Pati. Shekararsa saba'in da ɗaya. Matarsa Nzina ce ta kira ni, ina bakin teku tare da jikokin yayata, ƙafafuna cikin ruwa. Ba ta yi kewaye-kewaye ba. Ta ce, "Malama, ɗalibinki ya tafi. Yana ɗaure igiyar takalmi a tsakar gida ya kife." Na ce mata wane ɗalibi, alhali na gane muryarta tun daga kalmar farko. Ban san abin da ya sa na tambaya ba, sai dai ko don bakina ya sami abin yi kafin zuciyata ta yarda.

Meshu, shekara ashirin da huɗu ke nan ina koyar da darasin share fage na ilimin halayyar ɗan Adam ga 'yan shekarar farko a jami'a. Dubban yara sun wuce ta gabana. Mafi yawansu ko a hanya muka haɗu ba zan gane su ba, su kuma idan sun gane ni tsallaka titi suke yi, domin ba a san ni da sauƙi ba, ni ma ban taɓa neman a san ni da shi ba. Ban taɓa rubuta wa ɗalibi ta'aziyya ba sai taka. Ina rubuta ta ne saboda alherinka, wanda yake da yawa, da kuma saboda wani abu da na yi maka a bainar jama'a, wanda ya kamata in faɗe shi a bainar jama'a.

Na fara ganinka ne a watan Oktoba, shekara biyu da suka wuce, ranar da aka buɗe darasi. Zauren cike yake da yara kusan ɗari biyu, kowa kansa a sunkuye kan waya, kai kuma kana layin farko, hula a kan gwiwa, farar riga an ɓalla maɓallanta har wuya, da wasu hannuwa masu kaushi da ba su yi kama da na masu riƙe alƙalami ba. Na ɗauka uban wata ne ya rako ta ya rasa hanyar fita. Na ce maka, cikin wannan muryar tawa da yara ke kwaikwaya idan na juya baya, "Baba, iyaye a waje suke jira." Ka miƙe tsaye, ka ciro takarda daga aljihun gaba, ka warware ta a hankali ka miƙo mini. Rajista ce ta darasi ɗaya tak a duk jami'ar, nawa. Da takardar sakandaren da ka samu a makarantar yamma kana ɗan shekara arba'in ka shigo. Na ji kunya, amma ban ba ka haƙuri ba. Na ce ka zauna, na ci gaba da lacca.

A wurinmu ba kowa ake kira Meshu ba, sai wanda ya gwanance a sana'arsa har wasu suka koya a hannunsa. Shekara hamsin kana hawan itatuwan zaitun kana datse musu rassa, kuma masu gonaki kan jira ka wata guda da su ba wani. Sai wata cutar zaitun ta zo ta bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, itatuwan da kakannin kakanninmu suka shuka suka bushe a tsaye. Duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga ƙauyenku zuwa birni ya san abin da ake gani ta taga yanzu. Da farko na zaci rashin aikin yi ne ya kawo ka, irin na tsofaffin da ke neman inda za su kashe safiya.

Sai bayan watanni na san dalilin zuwanka, amma zan faɗe shi tun nan, domin wanda bai san shi ba ba zai gane komai a shekarunka biyu na ƙarshe ba. 'Yarka ɗaya a duniya, Graziana. Ta yi karatu, ta sami aiki a birnin Torino, can arewa, kana alfahari da ita har abokanka na wurin shan kofi suka gaji da ji. Shekara shida da suka wuce ta dawo gida da ciwon damuwa mai tsanani, irin wanda ke kwantar da mutum babu zazzaɓi babu rauni. Ranar bikin waliyyin garinku, gida cike da dangi, tebur a shimfiɗe, ta kasa fitowa. Ka je bakin ƙofar ɗakinta, ka ɗaga murya yadda kowa zai ji, ka ce, "A zuriyarmu ba a taɓa haifar rago ba. Wannan ciwon na waɗanda suka ƙoshi ne. Tashi ki gaida mutane." Daga ranar ba ta sake ce maka ko kalma ɗaya ba. Tana shan maganinta, likita yana zuwa, takan ɗan yi magana da mahaifiyarta, takan fito tsakar gida idan ta tabbatar ba ka nan. Amma kai, ƙofa ce tsakaninku. Abin da kake nema a duniya bai wuce ta amsa maka sau ɗaya kafin ka mutu ba, kuma ka zo wurina ne don ka koyi abin da ke damunta da yadda ake yi wa mai irin wannan ciwo magana.

Ba ka taɓa fashin lacca ba. Jirgin ƙarfe shida da rabi kake hawa, ka riga mai buɗe zaure isowa. Da fensir irin na kafintoci kake rubutu, kana fiƙe shi da wuƙar aljihu, kana tara ɓawon a cikin hularka don kada ka ɓata ƙasa. Yara suka sa maka suna Kaka tun makon farko. Suna tsokanarka, kana ramawa. Wani mai ɗan kunne a hanci ya tambaye ka ko a zamaninka an ƙirƙiro ƙwaƙwalwa, ka dube shi ka ce, "An ƙirƙiro ta, ɗana, har ana amfani da ita. Kai taka sabuwa ce dal, ko leda ba a cire ba." Zauren ya kwashe da dariya, shi ma yaron har da buga tebur, kuma daga baya shi ne ke riƙe maka wuri idan jirgi ya yi latti.

Ranar da na koyar da yadda sabo ke shiga jikin dabba da na mutum, na kawo misalin da kowane malami ke kawowa, na karen da aka saba wa ƙararrawa kafin abinci, har yawunsa ke zuba da jin ta kawai. Ka ɗaga hannu ka ce kai ba ka ga abin mamaki a nan ba. Kakanka yana da jaki, kullum idan sun dawo daga gona sai ya tsaya ƙofar gidan giya ya sha kofi ɗaya na ruwan inabi. Kakan ya mutu, jakin ya yi shekara huɗu a bayansa, kuma duk ranar Allah sai ya tsaya a ƙofar nan daidai tsawon shan kofi ɗaya, ko kakarka za ta karya sanda a kansa. "Ga shi ita ba ta taɓa kurɓa ba," in ji ka, "amma duk gari sun ɗauka ta gaji mijinta." Tun daga shekarar na daina kawo misalin kare. Jakin kakanka nake kawowa, kuma yara sun fi riƙe shi.

Kana zuwa da busasshen ɓaure da Nzina ke cusa wa ƙwayar almon, mai kama da gyaɗa, a ciki, cikin kwalin takalmi, ka bi layi kana rabawa kafin in shigo. Akwai wata yarinya daga ƙauyen da ke kusa da naku, Marilena, wadda tsoro ke ɗaure wa harshe idan ta tsaya gaban malami. Ta zo jarrabawa sau biyu tana juyawa daga bakin ƙofa. Ka zauna da ita a jirgi makonni, kana yi mata tambayoyi kana ɓata fuska irin tawa, har ta saba. Ranar da ta ci, kai ta fara rungumewa kafin ta kira uwarta. Ban san wannan ba sai a wurin jana'izarka, da ta faɗa mini tana kuka.

Akwai tambaya ɗaya da ka yi mini wadda har yau take ci mini rai. Muna kan babin tunawa da mantuwa, ka ɗaga hannu ka ce, "Malama, maganar da mutum ya ji sau ɗaya, mai zafi, tana gogewa?" A lokacin ban san labarinka ba. Na amsa maka kamar yadda ake amsa wa aji: cewa abin da ya zo tare da tashin hankali ya fi komai zama a ƙwaƙwalwa, musamman idan daga bakin wanda aka amince da shi ya fito. Na ga ka sunkuya ka rubuta shi kalma bayan kalma. Har na ji daɗi a raina cewa ga ɗalibi mai kula.

Jarrabawarmu ta baka ce, kamar yadda muka gada. Ɗalibi ya zauna gaban malami, sauran suna baya suna saurare, a yi masa tambaya uku ko huɗu, a faɗa masa makinsa nan take. Sha takwas ita ce ta tsira, talatin ita ce ƙoli. Ɗalibi kuma yana da ikon ya ce bai karɓa ba, a yi kamar bai zo ba, ya dawo zama na gaba. Masu neman ƙoli ne suka saba yin haka. A watan Fabrairu ka zauna gabana, gumi na bin wuyanka cikin sanyin nan. Ka haɗa wannan da wancan, ka manta sunaye, amma ka gane abin da ake nufi. Na ce, "Sha takwas, Meshu." Gaskiya tausayi ne ya cika ta. Ka ce, "Na gode, Malama, amma ban karɓa ba." Yara suka yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, don na ga tsoho ya raina kyautata.

A watan Yuni ka dawo, ka fi da, na ba ka ashirin da ɗaya. Ka sake cewa ba ka karɓa ba. Na ajiye alƙalami na ce, "Wai Meshu me kake nema ne? Aikin gwamnati za ka nema da shi, ko sarauta za a ba ka?" Ka jira har na sallami na ƙarshe, ka tare ni a matakala, hula a hannu, ka ce, "Malama, ki zo gidana ranar Lahadi ki ci abinci. Abin ba ya faɗuwa a nan."

Na je. Nzina ta tarbe ni kamar ta shekara da sanina, ta cika mini faranti da taliyar da ta murza da hannunta, ta tsaya a kaina sai na cinye. A kan teburin nan ka ba ni labarin Graziana, idonka a kan gurasa, ba ka rage wa kanka laifi ko kaɗan ba. Da ƙarfe huɗu ta yi ka miƙe, ka ɗauki littafin darasi da wata 'yar kujera, ka nufi lungun da ɗakinta yake.

Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan ya san ba a shirya wa jarrabawar baka da karatun zuci. Sai ka yi bita da ƙarfi, ka faɗa wa wani. Wasu uwa suke kamawa, wasu ƙane, ni a zamanina kyanwar maƙwabta nake kamawa. Kai ƙofar 'yarka ka zaɓa. Ka ajiye kujera, ka yi gyaran murya, ka ce, "Graziana, ba da ke nake ba. Bita nake yi, jarrabawa ta matso." Sannan ka fara. Ranar babin barci da mafarki ne. Kana karanta sakin layi, ka rufe littafi, ka maimaita da kalmominka, ka kawo misali da wani maƙwabci ko wata akuya, wani lokaci ka yi wa kanka dariya. Sa'a guda cur. Daga cikin ɗakin ko tari ban ji ba.

Nzina ta matso kusa da ni a ɗakin girki ta ce, "Kin gani ko, 'yata? Shekara arba'in da biyar ina aure da mutumin nan, ban taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba. In ya ce 'miyar ta yi,' ranar an yi hira ke nan. Yanzu ga shi yana yi wa katako wa'azi." Tana faɗa tana dariya, tana goge ido da gefen zanin girki. Da ka raka ni tasha ka ce, "Muddin akwai jarrabawa a gabana, ina da dalilin zama a wurin. Ranar da na karɓi maki, da wane baki zan je?"

Daga nan muka zama abokan sirri. A Satumba na ba ka ashirin da uku, ka ƙi. Ka sabunta rajista, ka sake zama layin farko tare da sababbin yara, ka sake jin laccocin da ka riga ka ji. A Fabrairu na ba ka ashirin da biyar, kuma wannan karon babu tausayi a ciki, ka cancanta, ka ƙi. Labarinka ya zaga jami'ar. Yaran wasu sassa sukan zo su cika bayan zaure don kawai su ji Kaka ya ce bai karɓa ba, su tafa. Babu wanda ya san dalili sai ni. Su a ganinsu taurin kai ne irin na tsofaffin ƙauye, kai kuma ka bar su a haka.

A bazarar bana na fara lura da numfashinka. Matakalar da kake hawa a tashi ɗaya ta koma sai ka huta sau biyu. Na ga kana saka wata ƙwaya ƙarƙashin harshe idan kana zaton ba a kallo. Na kira Nzina, ta ce likita ya ce zuciya ce, kuma bai yi alkawarin komai ba. A nan ne na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Na ce a raina mutumin nan ɓuya yake yi a bayan littafi. Abin da nake koyarwa ne kowace shekara: wanda ke tsoron abu yakan ƙirƙiro wani aiki da zai tsaya tsakaninsa da abin, kuma muddin aikin yana nan ba zai fuskance shi ba. Na ce shekara biyu kana karanta wa ƙofa littafi ba a amsa ba, lokaci kuma ya ƙure, abin da yarinyar ke jira shi ne ka ce mata ka yi kuskure, da bakinka. Na yanke cewa zan ƙwace maka littafin don alherinka. Ban yi shawara da kai ba, ban yi da Nzina ba. Na tabbata na fi ku sani.

Akwai maki ɗaya da ba a ƙi, domin babu abin da ke samansa da za a ce ana nema. Kafin zaman watan Yuli na kira wasu daga cikin yaran na ce su shirya, Kaka zai gama. Suka zo da kambin ganye irin wanda ake ɗora wa masu kammala digiri. Ka zauna gabana, na yi maka tambaya uku, ka amsa su da kyau, ko da yake ba kyan talatin ba. Na rufe takarda. Ina jin ka ga wani abu a fuskata, domin ka sunkuyo ka ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Malama, don Allah ki rage mini ko ɗaya ne." Na ɗaga murya na ce, "Talatin, da yabo."

Zauren ya tashi tsaye. Tafi, ihu, masu ɗaukar hoto da waya, Marilena ta ɗora maka kambin a ka tana hawaye. Ka waiwaya ka dubi yaran nan ɗari da wani abu da suka zo dominka. Kai ba mutumin da zai kunyata yara ba ne, ni kuma na san haka, da shi na yi amfani. Ka ce, "Na karɓa." A matakala na riƙe hannunka na ce, "Yanzu ka je ka yi mata magana da bakinka, ba da littafi ba. Ka ce mata ka yi kuskure." Ka daɗe kana kallona, kambin ya karkace a kanka, sannan ka ce, "Malama, da na iya wannan, me zai kawo ni wurinki?" Ka yi mini godiya duk da haka, har da rusunawa. Ganina da kai na ƙarshe ke nan.

Kafin jirginka ya isa ƙauye hoton ya riga ka isa. Fada ya ambace ka a coci ranar Lahadi, abokanka na wurin kofi suka koma kiranka Dakta. Ko da kana da halin yin ƙarya, kuma ba ka da shi, babu sauran wanda za ka ce wa jarrabawa ta matso. Nzina ta ce washegari da ƙarfe huɗu ka ɗauki kujerar ka je, babu littafi. Ka zauna, ka yi gyaran murya, ka sake yi, sa'a guda ba ka ce komai ba. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku ka fitar da kujerar tsakar gida ka ɗora mata tukunyar fure. Bayan mako shida ka rasu. Ni kuwa duk tsawon makonnin nan ina hutu, ina cewa a raina in ba ka lokaci, kada in matsa maka da kira.

An yi jana'izarka ranar Laraba cikin zafin Agusta, lokacin da ko kare ba ya fita. Duk da haka yara sun baro hutunsu sun zo, wasu daga nesa, har cocin ya kasa ɗaukar mutane. Tsofaffin da ka koya wa hawan zaitun ne suka ɗauki akwatinka. Na duba ko'ina ban ga Graziana ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Tunda ba a hura wuta a gidan makoki, dangi da maƙwabta ke kai abinci bi da bi, na roƙi a ba ni rana ta uku. Na kai romon kaza da gurasa da tsakar rana. Nzina ta zuba a kwano ta nufi lungun, na bi ta ba tare da an gayyace ni ba. Ta ƙwanƙwasa ta ce, "Abinci ne, 'yata. Malamar babanki ce ta kawo." Muna shirin ajiyewa mu juya sai ƙofar ta buɗe. Mace ce siririya, furfura ta fara fito mata tun ba ta kai arba'in ba, kuma idanunka ne sak a fuskarta.

Ta ce, "Ke ce kika ba shi talatin?"

Na ce ni ce.

Ta ce, "Sau biyar ya karanta mini littafin nan daga farko har ƙarshe. Kullum idan ya zo babi na goma sha ɗaya sai ya tsallake. Ina jin yana juya shafukan, ɗaya, biyu, har ashirin da wani abu, sai ya ci gaba daga na sha biyu kamar ba a yi komai ba."

Ba sai an faɗa mini abin da ke babi na goma sha ɗaya ba. Shi ne na ciwon damuwa. Sai a lokacin na tuna cewa ni ma, a zama biyar, ban taɓa yi maka tambaya a kansa ba.

Ta ce, "Ana gobe jarrabawar nan, da ya gama bita bai tashi ba. Ya ce, 'Gobe zan je in ƙi abin da za ta ba ni, in dawo mu fara daga farko. Wannan karon ba zan tsallake komai ba, na kusa iyawa.' Mu fara, haka ya ce. Bai taɓa cewa mu ba sai ranar." Sannan ta ce, "Ban sani ba ko da zan buɗe. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma tun bara na jawo kujerata bakin ƙofar."

Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce idan tana so zan riƙa zuwa duk Alhamis in karanta mata babin.

Ta ce, "Na iya karatu, Malama. Na karanta shi a waya tuntuni. Ba babin nake jira ba."

Ta karɓi kwanon daga hannun mahaifiyarta, ta yi mini godiyar romo, ta rufe ƙofar a hankali.

Meshu, ban san ko da ka kai ga babin ba, ban san ko da zuciyarka ta kai ka Satumba ba. Nzina ta ce kada in ɗora wa kaina, kwana ne ya ƙare, kuma na san haka ne. Amma mako shida ba kaɗan ba ne ga mai karanta babi ɗaya a kwana uku, kuma ni na karɓe su daga hannunka. Kai ka san tafiyar da kake yi, a hankali, ta hanyar da ƙafarka za ta iya. Ni da ke da takardu na ga jinkirinka na kira shi tsoro. A watan Oktoba zan shiga zauren nan in sake koyar da abin da na koyar shekara ashirin da huɗu, kuma ban san da wace fuska zan dubi layin farko ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Nzina, wadda ta rasa abokin zama kuma ta ci gaba da ɗaukar gida ita kaɗai. Ga Graziana, wadda ba ni da bakin ba ta haƙuri. Ga dangin Licchelli baki ɗaya. Ga tsofaffin abokan sana'arsa. Da kuma yaran da suka kira shi Kaka da gaske. Ubangiji ya ba ku juriya, ya sanyaya zukatanku, ya ɗauke wa Graziana nauyin da take ɗauke da shi, ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Kai kuma Meshu Pati, Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka maganar da ka yi cikin rashin sani wadda ka shekara shida kana nadamarta, ya karɓi zamanka a bakin ƙofar nan a matsayin tuba, ya ba ka hutawa cikin haskensa. Ni ma ina roƙon ka yafe mini. Na san ba za a amsa mini ba, kuma yanzu na san yadda hakan yake.

Rosalba Tundo